Furojet ɗin Sosiyoloji: A rage girman take, a fita cikin unguwa

Duk shekara, idan zangon karatu na ƙarshe ya kama, shagunan buga takardu da ke kewayen jami'o'inmu sukan cika da 'yan aji huɗu. Kowa da filashinsa a hannu, kowa na son a buga masa, a ɗinke masa, a sa masa bango mai kauri da rubutun ruwan zinare. Abin da ake bugawa shi ne kundin kammala digiri, wanda ɗalibai suka fi sani da furojet. Bayan 'yan makonni za a kare shi a gaban malamai, a ba da maki, a jera kwafi a kan kanta a ofishin sashe, daga nan sai ƙura ta karɓi aiki.

Maganata a yau a kan ɗaliban Sosiyoloji ce, wato ilimin nazarin zamantakewar al'umma, domin a wurinsu asarar ta fi girma. Ɗalibin kimiyya yana iya cewa ba a ba shi sinadarai ba, ko na'urar ɗakin gwaji ta lalace. Shi kuwa ɗalibin Sosiyoloji ɗakin gwajinsa yana ƙofar gidansu: kasuwa, tashar mota, majalisar dattawa, gidan biki, layin ɗiban ruwa. A cikin shekara huɗu da ya yi yana kwafar darasi yana zana jarrabawa, furojet ne kaɗai lokacin da aka ce masa ya ƙirƙiro tambayarsa da kansa, ya je wurin mutane ya nemo amsa. Abin takaici, da yawa sukan gama wannan aiki ba tare da sun zauna da mutum ɗaya sun saurare shi na minti talatin ba.

Ɓarnar tana farawa ne daga take. Ɗalibi zai kawo wa malaminsa take kamar "Tasirin talauci a kan aikata laifuka a Najeriya", ko "Illar kafafen sada zumunta ga tarbiyyar matasa". Take irin wannan yana da daɗin ji, amma babu ɗalibin da zai iya bincika shi cikin wata huɗu da kuɗin aljihunsa. Najeriya ƙasa ce mai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Wane talauci, wane laifi, a wane gari? Tunda tambayar ta fi ƙarfin mai ita, kuma an riga an san amsar da za a bayar tun kafin a fara, abin da ya rage kawai shi ne a nemo tsohon kundi mai irin taken, a canza sunan ƙaramar hukuma da shekara. Girman take shi ke buɗe ƙofar kwafi.

Sai kuma tsarin babi biyar da kowa ya haddace: gabatarwa, waiwayen ayyukan da suka gabata, hanyar bincike, bayanan da aka samo, kammalawa. Tsarin ba shi da laifi. Matsalar tana babi na uku da na huɗu. Duk wanda ya taɓa buɗe kundaye goma a jere zai lura cewa kusan kowanne ya ce ya raba takardar tambayoyi ga mutum wajen 400. Wannan adadi yana da asali. Akwai wani lissafi na masanin ƙididdiga Taro Yamane da ɗalibanmu ke yawan amfani da shi wajen fitar da yawan mutanen da za a tambaya. Idan aka bar gibin kuskure na kashi 5 cikin 100, al'umma mai mutum 10,000 za ta ba ka 385, mai mutum 100,000 ta ba ka 398, daga nan komai yawan jama'a amsar ba ta wuce 400. Lissafin daidai ne. Amma an gina shi a kan sharaɗin cewa za a zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa a al'ummar yake da damar a faɗo kansa. Ɗalibin da ya raba takardunsa ga abokansa da 'yan ajinsu ya karya wannan sharaɗi, don haka 400 ɗin ta zama ado.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba kowace takarda ce ke fita daga ɗakin kwanan ɗalibai ba. Sirri ne da kowa ya sani cewa wasu sukan zauna su biyu ko uku da biro kala-kala su cike ɗaruruwan takardu a dare ɗaya. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, sai su biya wani ya zuba musu lambobi a manhajar SPSS ya fitar da jadawali masu kyan gani. Ko waɗanda suka fita da gaske, sau da yawa takardar da Turanci take, da zaɓin "na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba", a miƙa wa dattijuwar da ba ta karanta boko. Wani yaro ne zai fassara mata yadda ya fahimta, ita kuma ta ce a zaɓa mata wanda ya dace don kada baƙo ya ji kunya. Daga irin wannan ne ake fitar da "kashi 72 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun amince".

Yana da kyau ɗalibanmu su san yadda aka yi ayyukan da ake sa su karantawa a kan ƙasar Hausa. Mary Smith, wata Baturiyar Ingila, ta zauna da mace guda ɗaya tak, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau a ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa. Littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau duk mai son sanin yadda aure, kishiya, ƙawance, riƙon 'ya'ya da bauta suke a idon macen Bahaushiya ta wancan zamani sai ya koma gare shi. Mutum ɗaya aka tambaya, amma an tambaye ta da kyau, an kuma ba ta lokaci.

Polly Hill ta zaɓi gari ɗaya, Batagarawa kusa da Katsina, ta bi gida-gida da gona-gona a ƙarshen shekarun 1960. Littafinta na 1972 ya rushe tunanin da masana tattalin arziki da yawa ke da shi cewa manoman karkara duk ɗaya suke a talauci. Ta nuna akwai masu rumbu cike da ke ajiye hatsi sai ya yi tsada, akwai kuma waɗanda ke sayar da nasu da kaka, su koma ƙodago a gonar maƙwabci da damina, har gonarsu ta rasa mai nome ta. Ita ce kuma ta jawo hankalin masana kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, wanda mai ƙirga rumfunan kasuwa ba zai taɓa ganin sa ba. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin yadda Hausawa ke riƙe da fataucin shanu da goro, da rawar da masu masauki da ɗariƙar Tijjaniyya ke takawa wajen tabbatar da amana da bashi. Enid Schildkrout kuwa ta bi yaran Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa talla da aike su ne ƙafafun sana'ar matan aure, don haka shigar yaro makarantar boko tana da farashin da uwa ke biya.

Mace ɗaya, gari ɗaya, unguwa ɗaya. Dukkansu baƙi ne, sai da suka sha wahalar koyon harshe ko suka dogara da tafinta, suka ɗauki watanni kafin a yarda da su. Ɗalibin da ke Jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello, ko Usmanu Danfodiyo, an haife shi da abin da waɗannan suka ƙetaro teku suna nema. Ya san gaisuwa, ya san inda ake cire takalmi, ya san abin da ake nufi idan aka ce "sai dai haƙuri". Ɗaliba mace tana iya shiga cikin gida har uwar ɗaka, inda babu wani farfesa namiji da zai taka. Wannan jari ne, kuma ana barin sa a banza saboda an koya wa yara cewa bincike shi ne jadawali da kashi cikin ɗari.

Bari mu ɗauki misali ƙarami. A ce ɗalibi ya zaɓi 'yan ga-ruwan unguwa ɗaya a birnin Kano. Tambayarsa guda ce: ta yaya ruwa ke isa gidajen da famfo ba ya kawo musu, kuma wa ke ɗaukar nauyin tsadarsa? Daga wannan tambaya ƙananan tambayoyi za su yi ta fitowa. Kurar da jarkokin na mai turawa ne ko haya yake biya kullum? A wace rijiyar burtsatse yake saye, kuma me ke faruwa da farashi ranar da babu wuta aka tayar da janareta? Wa ya kawo shi garin, wa ya tsaya masa, a ina yake kwana? Yana komawa gida noma da damina? Akwai gidajen da yake ba bashi, kuma me yake yi idan aka ƙi biya? Akwai layin da wani ba ya shiga saboda na wani ne? A cikin gida kuma, kuɗin ruwa daga aljihun wa yake fita, na maigida ko na uwargida?

Ɗalibin da ya yi hira mai zurfi da 'yan ga-ruwa goma sha biyar, masu rijiya uku da matan gida goma, ya kuma yi mako biyu yana zama a bakin rijiya da littafinsa yana rubuta abin da ya gani, zai fito da abin da babu shi a kowane littafi. A nan ne kuma ka'idojin da ya haddace za su sami wurin zama. Zai ga ci-rani, zai ga amana tsakanin baƙo da ɗan gari, zai ga rabon aiki tsakanin miji da mata, zai ga yadda talaka ke iya biyan kuɗin ruwa fiye da mai famfo a gida. Maimakon ya liƙa sunan Durkheim ko Marx a babi na biyu don cika shafi, zai iya cewa ga inda maganarsu ta yi daidai da abin da na gani, ga inda ba ta yi ba. Wannan shi ne Sosiyoloji.

Irin waɗannan batutuwa ba sa ƙarewa. Me ya faru da 'yan acaɓa bayan hana su ɗaukar fasinja a Kano a 2013, su wa suka koma adaidaita sahu, su wa suka bar gari? Ta yaya ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sauya mu'amalar 'yan kasuwar ƙauye da masu POS? Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wane zumunci aka rage zuwa, wane biki aka taƙaita? Ta yaya adashi ya koma WhatsApp, kuma wa ake kai wa ƙara idan uwar adashi ta ɓace? Ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006 tana da ƙishirwar sahihin bayani a kan kanta, kuma duk shekara muna da dubban matasa da dokar makaranta ta tilasta wa yin bincike.

Sai dai zama ɗan gida yana da nasa makanta, kuma wannan ya kamata malamai su riƙa jaddadawa. Wanda ya tashi cikin abu yakan ɗauka ya san shi. Ɗalibin da zai yi bincike a kan mutuwar aure yakan zo da hukuncinsa a aljihu: rashin haƙurin mata ne, ko fina-finai ne, ko talauci ne. Sai ya tsara tambayoyinsa yadda dole su dawo masa da abin da ya riga ya yi imani da shi. Wasu kundayen ma wa'azi ne da aka yi wa bangon furojet. Wa'azi yana da muhallinsa, amma aikin mai bincike shi ne ya tambayi bazawara da tsohon mijinta da waliyyinta da alƙali, ya rubuta abin da suka ce ko da bai yi masa daɗi ba. Alama mafi sauƙi ta gane an yi bincike na gaske ita ce ɗalibi ya iya faɗin abu ɗaya da ya ba shi mamaki.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da ake tambaya, wanda kundayenmu kan ba layi biyu su wuce. Idan za ka ɗauki muryar mutum a waya, ka gaya masa, ka kuma gaya masa me za a yi da ita. Idan batun ya shafi shaye-shaye, zaman kurkuku, ko rikicin cikin gida, sakaya suna kaɗai ba ya isa, domin a ƙaramar unguwa "wata mai sayar da awara, 'yar shekara 30, mai 'ya'ya huɗu" kowa ya san ta. Neman izinin mai unguwa ladabi ne kuma kariya ce, amma izininsa ba ya maye gurbin yardar wanda za a yi hira da shi. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Sannan babu makin da ya kai ran ɗalibi: inda hanya ba ta da tsaro, a canza wuri. Waɗanda rikici ya raba da garuruwansu suna nan cikin birane, ana iya jin labarinsu a inda suke.

Ba zan ɗora wa ɗalibai laifin duka ba. Malami ɗaya yakan sami kansa da ɗalibai masu yawa da zai duba wa aiki, ga azuzuwa cike, ga takardun jarrabawa, ga nasa binciken da ƙarin girmansa ya dogara a kai. Wanda ke cikin wannan hali zai fi son take da ya saba gani da tsari da ya saba dubawa, domin jadawali ya fi saurin karantawa a kan shafi arba'in na hira. Kalandar karatu ma ba ta taimakawa. Bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, jami'o'i da dama sun matse zangunansu don cike giɓi, kuma lokacin fita bincike yana cikin abin da ya fara shan matsa. Ga kuɗi: bugawa, sake bugawa bayan gyara, ɗinki, kuɗin mota. Ɗalibin da ke tunanin abin da zai ci da dare ba zai buga takarda 400 ya bi gari yana rabawa ba. Amma wannan hujja ce da ke goyon bayan ƙaramin bincike. Hira da mutum ashirin a unguwarku ba ta buƙatar komai sai waya, littafi da ƙafa.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, rubuta babi na ɗaya da na biyu ya zama aikin minti goma, da Turanci mai santsi da ya fi na malamin ma. Manhajojin gano kwafi irin su Turnitin an gina su ne da farko don kama rubutun da aka ɗauko daga wani wuri, kuma gano rubutun na'ura abu ne da har yanzu ake kuskure a cikinsa. Manhajoji irin su ChatGPT kuwa sukan ƙirƙiro sunayen littattafai da marubutan da babu su, su jera su kamar gaske. Wasu na ganin wannan ya kashe furojet, gara a soke shi a maye gurbinsa da jarrabawa, a huta da yaudarar juna.

Na fahimci masu wannan ra'ayi, amma ina ganin sun karanta lamarin a juye. Abin da na'ura ta kashe shi ne furojet mai babban take, wanda dama tattara maganganun wasu ne. Na'ura ba ta san nawa ake sayar da jarka a layinku yau da safe ba, ba ta san dalilin da ya sa mai rijiya ya daina ba wani bashi ba. Duk abin da sai an je an gani an ji, darajarsa ƙaruwa ta yi. Kuma ta fuskar neman aiki, ƙungiyoyin agaji, hukumomin lafiya da kamfanonin binciken kasuwa da ke aiki a Arewa kullum suna neman wanda ya iya shiga ƙauye, ya yi hira da Hausa, ya rubuta ta daidai, ya fitar da ma'ana. Wanda ya sayi kundinsa ya sayar da damar koyon sana'ar da digirinsa ya fi dacewa da ita.

Gyaran da sassan Sosiyoloji za su iya yi ba ya buƙatar jiran kasafin kuɗi. A ƙi karɓar duk taken da bai ambaci takamaiman wuri da takamaiman rukunin mutane ba. A sa ɗalibi ya fara tunanin tambayarsa tun a aji uku, lokacin da ake koya masa hanyoyin bincike, domin ya yi amfani da dogon hutu a gida wajen fita. A amince da hira da lura a matsayin hanyoyi masu cikakken maki, a bar ɗalibi ya kawo maganar mutane da harshen da suka faɗe ta sannan ya fassara. Ranar kare kundi kuma, maimakon a ɓata lokaci kan girman haruffa da faɗin gefen takarda, a ce ya buɗe littafin da ya yi rubutu a fili, ya kunna minti biyu na hirar da aka ba shi izinin ɗauka, a tambaye shi wa ya ƙi yi masa magana kuma me ya sa. Wanda ya je zai amsa nan take. Wanda bai je ba zai fara kallon silin.

Abu na ƙarshe shi ne makomar kundayen da aka yi da gaske, domin akwai su, kuma wasunsu sun fi wasu takardun da ake bugawa a mujallu amfani. Ɗalibar da ta yi wata uku tana hira da ungozomomi a garinsu ta tattara abin da jami'in lafiya na ƙaramar hukumar zai so ya sani, amma babu hanyar da zai san aikin yana nan. Kowane sashe zai iya zaɓar kundaye biyar mafi kyau a shekara, ya sa su a shafin jami'a na intanet bayan an tabbatar an sakaya masu magana, tare da taƙaitawa ta shafi ɗaya da Hausa. Kwafin wannan shafi ɗaya kuma ɗalibi ya mayar da shi inda ya yi binciken, ya karanta wa mai unguwa da mutanen da suka ba shi lokacinsu, su gaya masa inda ya fahimce su da inda ya kauce.